Dauɗar Injin Baba Ayuba

Wannan abu da ni ya faru, ba wani ne ya ba ni labari ba, kuma wallahi da zan iya ce muku mafarki na yi da na fi kowa murna. A lokacin ina wankin mota a Kafanchan, can bayan gari ta hanyar da ke fita Kagoma, a gefen wani ɗan rafi da ba ya ƙafewa ko da rani. Yau an haura shekara goma. Wajen ba wani na a zo a gani ba ne, rumfar kwano ce guda ɗaya da bishiyar mangwaro da benci, sai ɗan injin feshin ruwa da na saya na hannu, kuma ni kaɗai nake aikina domin ni mutum ne da ba ya jure a taɓa masa kayan aiki.

Wankin jikin mota kowa ma zai iya, amma wankin inji shi aka san ni da shi, kuma ina ji da kaina a kai har abin ya yi yawa. Sai ka bar inji ya huce amma kada ya yi sanyi ƙalau, ka cire kan batir, ka ɗaure duk inda wuta ke bi da leda, ka yayyafa kananzir ka ba shi lokaci ya jiƙa, sannan ka bi da kankara. Ni da wani tsohon cokali nake kankarar, wanda na dake bakinsa da guduma ya yi faɗi. Bayan nan burushi da garin sabulu, ruwa shi ne na ƙarshe. Dauɗar da na kankaro kuwa ba na bari ta gangara rafi, saboda mata na wanki daga ƙasa kuma sun taɓa yi mini ca a kai, don haka a wata rabin jarka nake tara ta, masu rufin ɗaki su zo su ɗiba su shafa wa katako saboda gara.

Cikin masu kawo mini mota akwai wani dattijo mutumin Kagoma, ana ce masa Baba Ayuba. Direban wata tsohuwar akori-kura ce ta wani ɗan kasuwar citta, ya fi shekara ashirin yana jan ta tsakanin Kachia da Kafanchan da ƙauyukan da ke tsakani. Duk Asabar yake kawo ta a wanke, domin ran Lahadi ita ke kwasar tsofaffin unguwarsu zuwa sujada. Jiki zan wanke, da taya, da bayan da ake loda buhuna, amma bonet ba ya yarda a buɗe. Wata Asabar ya zaga bayan rumfa, ni kuma da rawar kai na ce bari in yi masa gwaninta, na ɗaga bonet ɗin na ɗauko galan ɗin kananzir. Ban ankara ba sai ji na yi an make mini hannu, galan ya faɗi, ga direbobi kusan biyar zaune a benci suna kallo. Ya ce wa ya aike ni, ai irinmu ne masu kashe mota da ruwa. Direbobin nan suka kwashe da dariya, daga ranar suka laƙaba mini Kashe-mota, sunan ya bi ni har cikin kasuwa. Shi Baba Ayuba kafin wata Asabar ya manta, har gyaɗa ya kawo mini daga gonarsa. Na karɓi gyaɗar na ci, amma abin yana nan a raina na riƙe shi shekara uku cur.

Abin da na gani a ƙarƙashin bonet ɗin nan a ɗan lokacin, ban taɓa ganin irinsa ba. Ba ka ganin ƙarfe ko kaɗan. Baƙin mai da giris da jar ƙasar hanya sun haɗu sun daskare, kaurinsu a wani wajen ya kai yatsa biyu, sun yi tauri kamar kwalta. To, tsofaffin direbobi da yawa suna da wannan ra'ayi, wai tsohon inji dauɗarsa ce ke toshe masa kafofi, in ka wanke sai ya fara yoyo ta ko'ina, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Na ɗauka nasa ma iyakar abin ke nan.

Sai dai akwai wata ɗabi'a tasa da na lura da ita. Kun san makanikai in suka yanke sai su tsiyaya man birki a ciwon su ci gaba da aiki. Shi ba haka yake yi ba. Na taɓa ganin murfin gwangwani ya yanke shi a wajena, sai ya je ya ɗaga bonet da kansa, ya lakato dauɗar injin da yatsa ya cusa a yankan, sannan ya goge jinin a jikin injin daidai inda ya lakato. Jinin kuwa ya tsaya nan take. Hannuwansa duk tabo ne, kuma kowane tabo baƙi ne daga ciki kamar an yi masa zane da shuni. Na ce masa Baba wata rana wannan abu sai ya sa an yanke maka hannu, ya yi dariya ya ce shi da motar nan sun daɗe suna ba juna magani.

Ana nan sai mai motar ya rasu. Ɗansa Timoti, wanda ke zaune Abuja, ya zo ya tattara abin da uban ya bari, ya ce citta ba sana'arsa ba ce, motar ma sayar da ita zai yi. Aka samu mai saye daga Kagarko, mutumin ya ga mota ya yaba, amma ya ce ba zai ɗauka ba sai ya ga lambar inji da idonsa ta yi daidai da ta takarda, don an taɓa cutarsa. Lambar kuwa tana can binne a ƙarƙashin dauɗar shekara ashirin. Shi ya sa wata Talata da hantsi, farkon damina ne, an yi ruwa da asuba rana ta fito, sai ga akori-kura Baba Ayuba na ja, mai saye na gefensa, Timoti na biye da su a tasa motar mai sheƙi.

Timoti ya fito ya ce, “Kai ne mai wankin inji? Ina son abin nan ya fito fes, kamar yau aka sauke shi daga jirgi.”

Na ce, “An gama, Oga.” Ina faɗa ina kallon Baba Ayuba, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin raina.

Dattijon ya matso kusa da ni ya rage murya. “Ɗana, ka wanke jiki, ka bar inji. Ka ce masa ba zai wanku ba. Kai ne mai aiki, zai ji maganan ka.”

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, “Baba, ai babu injin da ba ya wankuwa a hannuna.”

Timoti ya juyo. “Baba, abeg je ka zauna. Tun jiya kana damu na da wannan magana. Motan ka ne?”

Dattijon ya juya. Ya je ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaro, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Na ɗaure abin da zan ɗaure da leda, na yi wa injin wanka da kananzir, na tsaya ina fito ina jira ya jiƙa. Da na sa cokali a saman murfin inji na yi kankarar farko, sai na ji dattijon ya ja iska ta haƙora. Na waiga na ga ya riƙe babban yatsansa na dama, jini na bin tafin hannunsa. Na ce a raina ƙusar benci ce, dama akwai wata da ta ɗago. Na ci gaba. Na kankare gefen da ke kusa da fanka, na zuba a rabin jarka, da na sake waigawa sai na ga bayan hannunsa na hagu ma ya tsage, dogon tsagu daga wuyan hannu zuwa tushen yatsu, daidai kan wani tsohon tabo da na san shi da shi tun ranar da na fara ganinsa. Yana zaune bai taɓa komai ba, ya naɗe hannun da hularsa. Timoti da mai saye suna can jikin ɗaya motar suna duba takardu, ba su san abin da ake ciki ba.

A nan ne ya kamata in ajiye cokali, kuma a nan ne nake so ku san irin mutumin da nake a lokacin. Na tsorata, wannan gaskiya ne, amma abin da ya fi tsoron ƙarfi a raina shi ne son in tabbatar. Sai na zaɓi wani ɗan waje can gefen batir, na ɗora bakin cokali a kai, na ƙura wa dattijon ido, na ja a hankali. Wallahi ina kallo fatar goshinsa ta buɗe a saman girar dama, a hankali, daidai da yadda hannuna ke tafiya. Da na tsaya ta tsaya. Da na ƙarasa ta ƙarasa, jini ya gangaro masa cikin ido. Ya ɗago ya dube ni da ɗaya idon, ya ga ina kallonsa, ya gane na gane. Ni kuma na sunkuyar da kai na sake yayyafa kananzir.

Na fi rabin sa'a ina wannan aiki. Na daina waigawa, amma ina jin sa, duk kankara ɗaya sai ya ja numfashi, wani lokaci ya ce “Yesu” can ƙasa-ƙasa. Dauɗar tana fitowa ɓawo-ɓawo, kuma warinta ba na baƙin mai kaɗai ba ne, akwai wani ƙarni a ciki irin wanda ake ji a mahauta. Ƙudaje suka fara taruwa a bakin rabin jarkar, alhali ƙuda ba ya bin kananzir, duk mai wannan sana'a ya san haka.

Saura gefen inji na dama daga ƙasa, inda lambar take, sai ji na yi an riƙe mini ƙafar wando. Baba Ayuba ne ya rarrafo ya durƙusa a cikin caɓin ruwan sabulu, mutumin da ya girmi ubana. A lokacin ne su Timoti suka lura, suka matso. Timoti ya ga jini a fuskarsa ya ce me ya same shi, faɗuwa ya yi? Dattijon bai kula shi ba, ya ɗaga rigarsa ya nuna mini gefen cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari. Wani tabo ne mai faɗin tafin hannu, baƙi ƙirin, ya lotsa ciki. Ya ce shekarun baya a dajin hanyar Kachia yana ƙarƙashin motar nan da lodin citta, jak ɗin da ya ɗaga ta da shi ya zame, wani ƙarfe ya shige shi a nan, babu kowa babu gari kusa, sai ya miƙa hannu ya damƙo dauɗa cike da hannu daga gefen injin ya cusa a ramin, ya danna tafinsa mai jini a inda ya ɗebo ya miƙe, ya ja motar da kansa har gida. Ko asibiti bai je ba.

Ya ce, “Ɗana, sauran duka na yafe. Wannan wuri ɗaya ka bar mini. Lamba ɗin yana kai na, zan faɗa.”

Ya kuwa karanto lambar tun daga farko har ƙarshe, bai yi gargada ba. Mai saye ya bi takarda da yatsa, ya ce daidai ne, amma ai direba zai iya haddace abin da ke takarda, shi ƙarfe yake son gani. Timoti ya yi tsaki ya ce tsohon nan tun da ya ji za a sayar da mota yake ta dirama, shi ya yayyanka kansa don a ji tausayinsa, irin abin da ya riƙa yi wa babansa ke nan. Sannan ya dube ni ya ce, “Mai wanki, kana jiran me?”

Ina da hanyoyi sun fi uku a lokacin. Zan iya cewa wajen ya yi lungu hannu ba ya kaiwa sai an sauke wani abu, ba wanda zai musa mini. Zan iya cewa kananzir ya ƙare. Zan iya ajiye cokali kawai in ce ba na yi. Duk sun zo mini a rai, ina tuna su sarai. Amma sai na zare ƙafata daga hannunsa na ce, “Baba, ka manta? Ai ni ne Kashe-mota.”

Ya dube ni kamar bai gane abin da nake nufi ba, kuma na yi imani bai gane ɗin ba, ya manta da zancen tuntuni. Na sunkuya na zura cokali ta ƙarƙashin dauɗar na banƙara. Gaba ɗayanta ta taso a dunƙule kamar ƙanzon tukunya, ta faɗo mini a hannu. Injin ya daɗe da yin sanyi, amma abin nan da ɗumi na ji shi, kuma cikinsa jiƙe yake, ja-ja. Na jefa shi cikin jarka na goge hannu a wando. Ga lamba ta fito raɗau, mai saye ya leƙa ya gyaɗa kai.

Baba Ayuba bai yi ihu ba. Zama ya yi daɓas a cikin caɓin, ya dafe ciki da hannu biyu, rigar ta rine tun daga haƙarƙari har cinya kafin in ƙifta ido. Sai a lokacin Timoti ya rikice, amma ko da mai saye ya ce a sa shi a mota a kai asibiti, cewa ya yi kujerun motarsa farare ne. Ya tsayar da ɗan acaɓa a bakin titi, wani manomi da ke wucewa da fartanya ya ajiye ta ya hau baya ya tallafe dattijon a tsakiya, suka tafi ƙafafunsa na jan ƙasa. Hularsa tana nan a benci. Timoti ya dawo yana goge takalmi da ganye ya ce in ƙarasa aiki mutane na sauri.

Na ƙarasa. Na sa sabulu na goge, na fesa ruwa, na kwance ledoji, na mayar da kan batir. Injin nan ya fito fari tas, ban taɓa yin aikin da ya yi kyau kamarsa ba. Na yi zaton ba zai tashi ba, ko ya tashi ya riƙa zubar da mai ta ko'ina, amma mai saye na murɗa makulli ya kama, lafiya lau, ko ɗigo bai zubar ba. Suka sallame ni, akori-kura ta kama hanyar Kagarko, Timoti ya shiga gari.

Da aka bar ni ni kaɗai ne tsoro ya sauko mini da gaske. Rana tsaka ce, mata na ta wanki suna hira daga ƙasan rafi. Na watsa ruwa na kore jinin da ke ƙasa, na tura hular ƙarƙashin benci da ƙafa. Saura rabin jarka, ta cika ta yi tozo, ƙudaje sun rufe ta baƙi ƙirin. Na riƙa tunanin in mutumin nan ya mutu za a zo a tambaye ni, a ce asiri na yi masa, ga shi kowa ya san akwai 'yar tsama tsakaninmu, kuma kun san yadda ƙaramar magana ke zama babba a garin nan. Ban yi tunaninsa ba ko kaɗan, kaina kawai na yi wa tunani. Na ja jarkar bayan rumfa, na juye mata sauran kananzir, na ƙyasta ashana. Ta kama da wani baƙin hayaƙi mai kauri da ya miƙe sama sak, ga ƙauri irin na babbaka.

Wutar ta fi minti ashirin tana ci, ina zaune a benci, sai ga acaɓa ya sauke wata tsohuwa. Na san ta, Mama Saratu ce matar Baba Ayuba, takan biyo shi wata Asabar ɗin in za ta kasuwa. Ɗankwalinta a karkace, takalmi ƙafa ɗaya daban ɗaya daban, tana riƙe da ɗan kwanon sha mai murfi. Ta gaishe ni da sannu da aiki, wai ni.

Ta ce, “Ɗana, Baba ne ya aiko ni. A asibiti sun ɗinka, zare ba ya kamawa, jini ya ƙi tsayawa. Ya ce in zo ka ba ni dattin inji ɗin, ko kaɗan ne, wanda ka cire na ƙarshe.”

Na ce, “Mama, ai ruwa ya tafi da shi.”

Ta girgiza kai. “A'a. Ya ce kai ba ka zubarwa a rafi, kana tarawa a jarka saboda mata masu wanki. Ya ce kai yaron kirki ne, za ka ajiye masa.”

Ta bi idona da kallo, domin duk ƙoƙarina sai da na waiga, ta ga hayaƙin da ke tashi bayan rumfa. Ta zaga a hankali na bi ta. Robar jarkar ta narke ta baje, abin da ke ciki ya zama wani baƙin dunƙule yana tafasa yana ci. Ta tsaya tana kallo, can ta tambaye ni tun yaushe na kunna, na ce ban daɗe ba.

Ta ce, “Da zan fito yana ta cewa wuta, wuta, a ciki na. Nas ya ce zafin jiki ne.”

Sai ta durƙusa ta sa hannu tsirara cikin wutar nan. Na riƙo ta, ta fizge da ƙarfin da ban san tsohuwa na da shi ba. Na ɗebo ruwa a bokiti na watsa, wutar ta yi tsalle ta ƙara bajewa, don mai ne, ni da na fi kowa sanin haka. Da ƙyar na kashe ta da ƙasa. Mama Saratu ta tona da yatsunta da suka sale, ta tsinci abin da ta samu, toka ce da gawayi da narkakkiyar roba, ta zuba a kwanon ta rufe. Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, na so a ce ta yi. Ta hango hular a ƙarƙashin benci ta ɗauka ta kakkaɓe, ta hau acaɓan da ke jiranta.

Kafin ta isa asibiti Baba Ayuba ya cika. Wani direba cikin masu zama a bencina, wanda cocinsu ɗaya da Baba Ayuba, shi ya gaya mini daga baya cewa waɗanda suka shirya gawar sun ga bakin kowane ciwo a ƙone, na goshi da na hannuwa da na ciki, kamar an ɗora musu ƙarfe mai zafi, kuma ma'aikatan asibitin sun rantse ba su sa masa komai mai ƙuna ba. Ba wanda ya zo ya tambaye ni komai. Mutane suka ce hawan jini ne da baƙin cikin rabuwa da mota, wasu suka ce tsohon ciwo ne ya tashi. Aka kai shi Kagoma aka binne, ban je ba, ban kuma taɓa zuwa yi wa matar gaisuwa ba, don ban san da wace fuska zan shiga gidan ba. Na tambayi malamai biyu da wani fasto a kan abin ba tare da na ce ni ne ba, kowa ya faɗi nasa, babu wanda ya gamsar da ni, kuma ni ma ba zan ce muku ga abin da ya faru ba. Abin da na gani na faɗa.

Akwai abu guda da ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Ranar nan da na gama wanki ina mayar da kan batir, sifanar da nake ɗaurewa da ita ta zame, gefen injin ya yanke ni a tushen ɗan yatsa. Jini ya ɗiga can cikin lungun da ruwa ba ya kaiwa. Su Timoti na tsaye a kaina suna sauri, ba tsumma mai tsabta kusa, sai na zaro sandar gwada mai na shafa baƙin man injin a yankan, ban ma yi tunani ba. Jinin ya tsaya nan take, ya warke ya bar ɗan baƙin tabo.

Tun daga lokacin, sau biyu ko uku a shekara, tabon nan yakan buɗe da kansa. Ba dare ba, da rana tsaka, ina cin abinci ko ina cikin sahu a masallaci, sai in ji sanyi kamar an zuba mini kananzir a wajen, sannan ya tsage a hankali. Nakan san cewa a wani gari wani yana wanke injin. Na bar sana'ar, yanzu kayan miya nake sayarwa. Na je Kagarko har sau uku neman motar in saye ta in ajiye a ƙofar gida in rufe da tamfol, aka ce mutumin ya sayar wa wani, wanin ma ya sayar, an ga ta ƙarshe tana ɗaukar gawayi ta wajen Abuja. Ta tsufa ƙwarai yanzu, kuma kun san inda tsofaffin motoci ke ƙarewa, 'yan gwangwan su sassare su a loda a tirela a kai kamfanin da ake narka ƙarfe. Duk tirelar gwangwan da ta wuce ta gaban rumfata sai na tashi na leƙa lodin.

Shawarar da zan ba ku, musamman masu aikin hannu, in babba ya durƙusa ya roƙe ku ku bar masa abu ɗaya, ku bar masa ko da ba ku ga dalili ba, kuma in kun ga aikinku yana cutar da mutum a gabanku, ku ajiye kayan aikin tun a karo na farko. Ni na gani a karo na uku da idona na ci gaba. Rabon da tabon nan ya buɗe yau wata goma sha ɗaya ke nan, bai taɓa daɗewa haka ba, kuma tun makon jiya nake jin yatsan da ɗumi.